Thaddeus Stevens: Lauyan da Ya Ce a Raba wa Bayi Gonaki

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa Amurka ta ƙarni na 19, wajen wani lauya mai kaifin harshe, Thaddeus Stevens.

An haife shi a 1792 a Danville, jihar Vermont, da lanƙwasasshiyar ƙafa. Uban ya tsere ya bar gida, uwar ta yi ta faɗi-tashi har ya kammala kwalejin Dartmouth a 1814, ya koma Gettysburg ta jihar Pennsylvania ya kama aikin lauya.

A 1821 ya tsaya wa wani mai bayi a kotu, aka kayar da wata baiwa, Charity Butler, da ke neman 'yancinta. Wannan tabo ne babba a tarihinsa. Daga baya ya juya, ya riƙa kare bayin da suka gudo, sau da yawa ko sisi bai karɓa ba.

Ya shiga Majalisar Wakilai a 1849, ya sake dawowa a 1859. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin Kudu masu riƙe da bayi da suka yi tawaye, shi ne shugaban kwamitin da ke nemo kuɗin yaƙi, kuma ya tura dokar buga kuɗin takarda ta 1862. 'Yan Kudu ba su manta da shi ba: a 1863 sojojin Janar Jubal Early suka ƙone masana'antarsa ta ƙarfe a Caledonia.

An soke bauta a 1865, da sa hannunsa dumu-dumu. Amma Stevens ya ce da sauran aiki. Wanda aka 'yanta ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa, ina zai nufa in ba ƙofar tsohon ubangidansa ba? Sai ya nemi a ƙwace manyan gonakin 'yan tawaye, a ba kowane magidanci da aka 'yanta eka 40. Har 'yan jam'iyyarsa ta Republican suka ja da baya. Shugaba Andrew Johnson kuwa ya mayar wa masu gonakin kayansu, dubban baƙaƙen fata suka koma noma gonar wani ana raba amfani, bashi ya yi musu katutu. A nan dai Stevens ya fi abokansa hangen nesa.

A 1868 ya jagoranci yunƙurin tsige Johnson, yana fama da ciwo har a kan kujera ake ɗaukarsa zuwa zauren Majalisar Dattawa. Ƙuri'a ta tsaya 35 da 19, saura ɗaya tak a cika kashi biyu bisa uku da ake buƙata don a tsige shi. Ya rasu ranar 11 ga Agusta na shekarar, aka binne shi a Lancaster, a maƙabartar da ya zaɓa da kansa domin ba ta ware baƙi da fari.