Amsoshin Tambayoyinku: Magani da Tsaftar Yau da Kullum

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne, ga Likita zaune kusa da ni.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce, in sabulu ya ƙare, toka za ta yi wajen wanke hannu? Za ta yi, ta fi ruwa zalla. Sai dai a zuba da buta, kar duk gida a tsoma hannu a kwano ɗaya.

Wata baiwar Allah daga Zariya na tambayar Panadol nawa babba zai sha a yini. Kar ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakani.

To, ga wadda ta fi zuwa mana, daga Kano har Kumasi: "Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro kwana ɗaya, na ji garau, na ajiye sauran. Da laifi?" Haba malam, da laifi mana! Likita, bismillah.

Likita: Irin su Coartem kwana 3 ake sha, sau 6. Shan farko da na biyu kan sauke zazzaɓi, amma akwai ragowar ƙwayoyin cutar a jini. Ka tsaya nan, su farfaɗo, bayan mako biyu ka sake kwanciya ka ce maganin jabu ne. A sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, ya fi shiga jiki. Kuma a yi gwaji tukuna, ba kowane zafin jiki ba ne na sauro.

Kun ji ko? Kwana uku, sau shida. In sake faɗa: kwana uku, sau shida. Masu tara ragowar magani a gwangwani saman kwaba don ranar da yaro zai yi zazzaɓi, da ku nake. Ni ma na taɓa yi, na kuwa ji a jikina.

Ta ƙarshe, wata Hajiya daga Gombe: wane magani ne ke ƙara garkuwar jiki?

Likita: Ai mu da muna yara, kwaɗon zogale da wake muke ci, bayan isha'i kowa ya kwanta. Yanzu kuwa ƙarfe biyun dare mutum na riƙe da waya. Ga rigakafin yara ma...

Likita, magani fa ta tambaya.

Likita: To ai shi nake faɗa mata.

Hajiya, kin dai ji. Ana ta ɗaga mini hannu ta gilashin situdiyo cewa lokaci ya ƙare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.