Yadda ake maido da tabkin da ya ƙafe a hamada

Ku dubi laka da ta tsattsage, da farin gishirin da ya kwanta a samanta. Haka ƙasan tabki yake zama idan an tare ruwan da ke ciyar da shi.

Abin da ya sami tabkin Juyan na Gabas ke nan, a hamadar Gobi ta ƙasar Sin. Manoman tsakiyar kogin Heihe, wanda ke ciyar da tabkin, sun yi ta jan ruwa har tabkin ya ƙafe ƙurmus a 1992. A shekara ta 2000 hukuma ta kafa tsarin rabo: a wasu kwanaki da aka tsayar, a rufe duk ƙofofin ban ruwa da ke bakin kogin, a bar ruwan ya gangara gaba ɗaya. A 2002 ya iso tabkin, yau kuwa faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 40.

Me ya sa ake sakinsa lokaci guda? Saboda busasshen kwari ƙishirwa gare shi. In an saki ruwa kaɗan-kaɗan, yashi ne zai shanye shi tun bai yi rabin hanya ba. Ko da an saki da yawa, rabon farko na ƙasa ne: sai ruwan ƙarƙashinta ya tashi kafin na sama ya wuce. A kogin Tarim, shi ma a ƙasar Sin, inda sama da kilomita 300 suka shekara kusan 30 a bushe, an fara saki a 2000, amma sai a 2001 ruwa ya taɓa tabkin Taitema. Don haka ake haƙa rijiyoyin awo a gefen kwarin, ana duba zurfinsu kafin saki da bayansa. Rijiyar da ta tashi ita ce shaidar farko, tun kafin itatuwa su yi toho.

Sai lissafin rana. A yankinmu na Sahel, rana da iska suna ɗauke abin da ya kai mita 2 na ruwa a shekara. Ke nan kowace hekta ɗaya tana asarar mita kubik 20,000, tabki mai hekta 1,000 kuma miliyan 20. Zuba ruwa a faranti, zuba wani a tulu, ka ajiye su tsakar gida cikin bazara: wane ne zai kai la'asar? A ganinmu babban kuskure shi ne a yi gaggawar faɗaɗa tabki don ya yi kyan gani. Gara ƙarami mai zurfi. Kuma ruwa in ya tafi, gishirinsa ba ya binsa. In babu mafita ko sabon ruwa mai sirka shi, a hankali kifi zai ragu.

Mu dawo gida Nijar, jihar Tawa. Tabkin Tabalak, da ya shiga jerin Ramsar na wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya a 2005, ba kogi ke ciyar da shi ba, koramun damina ne, su kuma tare da yashi suke zuwa. A nan aikin daga tudu yake farawa: ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata da jerin duwatsu a fako, shingen duwatsu cikin ragar waya a tsakiyar korama, don ruwa ya rage gudu ya sauke yashinsa kafin ya iso. Shingen da ba a kafa gefensa cikin gaɓa sosai ba, ruwan Agusta zai zagaye shi ya ci bakin.

Akwai kuma abin lura: kowane shinge yana riƙe wani kaso na ruwan, in sun yi yawa tabkin ne zai rasa. Shi ya sa ake kafa sandar awo mai lambobi a cikin tabkin, ana rubuta tsayin ruwa kowane mako. Da wannan littafi masu lambun albasa, masunta da makiyaya za su zauna su tsayar da lambar da in ruwa ya sauko gare ta, a kashe injinan ban ruwa.