Salbador ta Bahiya: Garin da Aka Kai 'Yan'uwanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena da ke zaune a gaba, 'yan'uwa ɗalibai, ina gaishe ku.

An ce in yi magana a kan yawon buɗe ido a Salbador, babban birnin jihar Bahiya a ƙasar Barazil. To, zan zaga da ku garin kamar yadda aka zaga da ni. Amma tun yanzu ina gaya muku, Bahaushe ba baƙo ba ne a garin nan, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Turawan Fotugal ne suka kafa shi a 1549, a bakin tekun Atalantika, ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa. Shi ne hedikwatar mulkinsu a Barazil har 1763, lokacin da suka koma Rio de Janeiro. Arzikinsa rake ne da taba, kuma bayi ne suka noma su. Garin hawa biyu ne: akwai na tudu, inda gidan gwamna da manyan majami'u suke, akwai na gangare, inda tashar jiragen ruwa da kasuwa suke. Wata doguwar na'urar hawa mai suna Lacerda, wadda aka buɗe a 1873, ita ke haɗa su. Tsawonta mita 72, kafin ka gyara tsayuwa ta kai ka sama.

Kowane baƙo unguwar Pelourinho ake fara kai shi. Gidaje ne jere a kan gangara, wannan shuɗi, wancan ruwan ɗorawa, hanya shimfiɗe da duwatsu, ganguna na tashi dare da rana. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Kyau kam akwai shi. Sai dai ma'anar sunan ita ce turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. Na ga mutane suna ta ɗaukar hoto suna dariya a filin, ban ga laifinsu ba, amma ni ƙafata ta yi nauyi. A gefen filin akwai wata majami'a shuɗiya, Rosário dos Pretos, wadda baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, suka gina wa kansu da hannunsu. Ku kwatanta ta da São Francisco da ke can gaba, wadda aka lulluɓe cikinta da zinariya.

A bakin titi na tarar da wata dattijuwa cikin fararen kaya, da ɗankwali da tsakiya a wuya, tana zaune gaban kasko. Ta ɗebo ƙullun wake da cokali ta saka a manja mai tafasa. Jama'a, ƙosai ne. Su suna ce masa acarajé, daga akara na Yarbawa. Ta tsame shi, ta tsaga shi biyu, ta cusa busasshen jatan lande da yaji, ta miƙo mini a takarda. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma yadda take juya cokalin nan ba shi da bambanci da na mai ƙosan ƙofar gidanmu.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Bayan jihadi ya tashi a 1804, yaƙi ya game ƙasar Hausa, kuma fursunoni daga kowane ɓangare an yi ta gangarawa da su kudu, hannu zuwa hannu, har bakin teku a Ikko, wato Legas, da Wida da ke Jamhuriyar Benin ta yau. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma dole mu faɗe ta: Bature ya saya, sai dai akwai wanda ya sayar. Da yawa cikinsu Bahiya aka sauke su, kuma akwai mahaddata da almajirai a cikinsu.

Ba su zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a cikin birnin. A 1809 aka sake yi a karkara. A watan Fabrairu na 1814 suka tashi a wuraren kamun kifi na wajen Itapuã, suka ƙone wuraren aikin iyayen gijinsu.

Mafi girma shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi. Ana kiransa tawayen Malê, daga kalmar imale, wato Musulmi a bakin Yarbawa. Kada wani ya fita daga nan ya ce Hausawa ne kaɗai. A wannan karo Yarbawa ne suka fi yawa, mu da Nufawa da Barebari muna ciki. Daga cikin malaman da aka kama akwai Bahaushe, Elesbão do Carmo, wanda mutanensa ke kira Dandará, ɗan kasuwar taba ne mai koyar da karatu. Labari ya fita kafin lokaci, 'yan doka suka kai samame wani gida a gangaren Ladeira da Praça da tsakar dare, mutanen da ke ciki suka fito da takubba cikin fararen riguna. Suka nufi kurkukun da ke ƙarƙashin ginin majalisar gari don su kuɓutar da malaminsu Pacífico Licutan, ba su samu dama ba. Wannan gini yana nan har yau, taku kaɗan daga inda na'urar Lacerda ke sauke ka. Na tsaya a gabansa na daɗe, masu yawo suna wuce ni suna neman wurin kallon teku.

Kimanin mutum 600 ne suka fita. A Água de Meninos, gaban barikin sojan doki, aka ci ƙarfinsu, kusan 70 suka kwanta dama. An harbe huɗu a watan Mayu, an yanke wa Licutan bulala 1,000, an kori 'yantattu da yawa zuwa Afirka. Irin waɗannan masu komowa ne suka kafa unguwar Popo Aguda a Ikko da jama'ar Tabom a Ankara ta Gana. Bauta kuwa ba a hana ta a Barazil ba sai 1888.

A jikin waɗanda aka kashe da cikin ɗakunansu an samu layu da alluna da takardu da rubutun Larabci, ayoyi da addu'o'i. Wasunsu suna ajiye a ma'adanar takardun tarihi ta jihar Bahiya. Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinku, in ya ga hoton takardun nan zai gane hannun, irin rubutun da muka taso muna wankewa ne. Malamaina, ɗalibanmu masu Larabci da ajami su ne suka fi kowa cancantar zama a kan waɗannan takardu, kuma ina roƙon jami'o'inmu su tura su. Masanin tarihi João José Reis, ɗan garin, ya yi aiki mai yawa a kai, amma akwai abin da sai ɗan gida zai gani.

Sauran wuraren ba zan daɗe a kansu ba. Ku je hasumiyar Barra da la'asar ku ga faɗuwar rana, ku shiga kasuwar Modelo, ku yi ciniki sosai, ku kuma kula da wayarku kamar yadda za ku kula a kowace babbar kasuwa.

Daren da zan baro garin, aka kai ni wani gidan abinci. Ina duba takardar sai idona ya faɗa kan arroz de hauçá, wato shinkafar Bahaushe. Aka kawo ta, shinkafa ce da ta dahu luguf da madarar kwakwa, an zuba mata soyayyen busasshen nama da albasa a sama. Na tambayi yaron da ya kawo, ta bakin tafinta, ko ya san su wane ne hauçá. Ya girgiza kai, ya ce shi dai haka ya taso ya ji kakarsa na kiranta. Na nuna ƙirjina na ce masa, "Ga ɗaya nan a gabanka." Ya ajiye faranti, ya shiga ciki da sauri ya kira mai dafawa ta zo ta gan ni.

A nan zan dakata. Shugaban taro, in da sauran lokaci, a ba masu tambaya dama.