Littattafan Hotunan Kosfile: Abin da Ke Saura Bayan An Tuɓe Kayan

Masu kallo, sau biyu a shekara, a watan Agusta da na Disamba, jama'a kan yi cincirindo a zauren baje koli na Tokyo Big Sight da ke Japan domin Comiket, kasuwar littattafan zane da masu sha'awa ke buga wa kansu, wadda aka fara a Disambar 1975 da mahalarta kimanin 700, har ta kai ga karɓar mutum 750,000 cikin kwana huɗu a ƙarshen 2019. A cikin taron akwai waɗanda suka shafe watanni suna ɗinki, suna yanka soso da roba, suna gyaran gashin kanti, domin su fito da siffar wani jarumi na anime, wato finafinan zane na Japan. Wannan ɗabi'a ita ce kosfile, kalmar da Nobuyuki Takahashi ya yi amfani da ita a mujallar My Anime a 1983, inda ya haɗa kalmomin Turanci biyu masu ma'anar tufafi da wasa.

Akwai wata doka a Comiket da ke bayyana dalilin da ya sa hoto ya zama ƙashin bayan wannan harka. Ba a yarda mutum ya taho daga gida sanye da kayan ba. Sai ya iso, ya shiga ɗakin sauya kaya, ya shirya, sannan kafin ya kama hanyar jirgin ƙasa dole ya tuɓe, ya ninke takobinsa na soso da fukafukansa cikin akwati. Aikin wata uku ke nan ya yi rayuwar sa'o'i kaɗan. Abin da ke saura shi ne abin da kyamara ta kama, shi ya sa za ku ga masu ɗaukar hoto sun yi layi a gaban mutum guda, kowa na neman izini kafin ya danna, wasu kuma a yi musayar kati mai ɗauke da sunan da mutum ya raɗa wa kansa, domin da yawa ba sa so a wurin aikinsu a san suna wannan sha'ani.

Littattafan da suka fito daga nan iri biyu ne, kuma manufarsu ta yi hannun riga. Na farko su ne waɗanda masu kosfile ke buga wa kansu su sayar a kan teburi, a da har a faifan CD. Ana kama hayar situdiyo da aka ƙawata kamar ajin makaranta ko kangon gini, a daidaita fitilu, a gyara fuska a kwamfuta, duk domin mutumin ya ɓace, jarumin zanen ya bayyana.

Na biyu kuwa na masu ɗaukar hoto ne da suka zo su duba mutumin da ke cikin kayan. Elena Dorfman, a littafinta Fandomania da kamfanin Aperture ya buga a 2007, ta tsayar da masu kosfile na Amurka a gaban baƙin bango, babu hayaniyar taro, babu adon wuri. Da zarar an cire waɗannan, ido kan sauka a kan abin da littattafai irin na farko ke ɓoyewa: ɗinkin da ya ɗan karkace, gashin kantin da bai zauna daidai a goshi ba, da jikin ɗan Adam wanda ba zai taɓa yin sirantaka irin ta zane ba. Wasu na ganin hakan tsiraita mutane ne. A ganina a nan ne ƙoƙarinsu ya fi fitowa fili, domin sai ka ga inda allura ta bi kake sanin hannu ne ya yi. Ejen Chuang ya bi hanya makamanciyar wannan a Cosplay in America na 2010, wanda ya buga da kuɗin aljihunsa.

Akwai kuma Otaku Spaces na 2012, inda Patrick Galbraith ya yi hirarraki, Androniki Christodoulou ta ɗauki hotuna, suka shiga ɗakunan otaku, wato masu tsananin sha'awar anime da makamantansa. Zaɓin ɗaki yana da tarihi. A 1989 an kama wani mutum a Japan bisa kisan ƙananan yara, kafofin yaɗa labarai suka yi ta nuna ɗakinsa maƙil da dubban kaset na bidiyo, lamarin da ya shafa wa duk wanda ake kira otaku kashin kaji na tsawon shekaru. A wannan littafi ɗakunan ma cike suke da 'yan tsana da mujallu har rufi, amma mai ɗakin yana cikin hoton, yana fuskantar kyamara, kuma shi da kansa yake ba da labarin yadda ya tara kayansa.