Mount Vernon: Gidan Washington, Rumbu Mai Kusurwa 16, da Waɗanda Suka Yi Noman

Wannan farin gidan da kuke gani a kan tudu, yana fuskantar kogin Potomac, shi ne Mount Vernon, gidan George Washington, shugaban Amurka na farko. Yana jihar Virginia, tafiyar kamar kilomita 25 kudu da birnin Washington. A watannin Afrilu da Mayu motocin makaranta kan yi layi a ƙofarsa, malamai na ƙirga kawunan yara kafin a shiga.

Ku matso kusa da bangon. Daga nesa sai ka rantse da dutse aka gina shi. Katako ne. An sassaƙa shi ya yi siffar tubali, aka shafa fenti, aka watsa yashi tun fentin bai bushe ba. Mahaifin Washington ne ya fara ginin a 1734, ɗan ya yi ta faɗaɗa shi har ya kai ɗaki 21. A zauren tsakiya akwai mabuɗin kurkukun Bastille na Faransa, wanda Lafayette, janar ɗan Faransa da ya yi yaƙin ’yancin Amurka tare da Washington, ya aiko masa a 1790. Ba gwamnati ke riƙe da wurin ba. Wata ƙungiyar mata ce ta saye shi a 1858 kan dala 200,000, lokacin da ya fara lalacewa, kuma har yau yana hannunta.

Cikin gidan ba a daɗewa: ga igiya an gitta, kar a taɓa, a bi layi. A ganina karatun gaske yana ƙasan tudu, wajen gona.

Washington manomi ne na sosai, filinsa ya kai eka 8,000, an raba shi gonaki biyar. Da taba ya fara, amma taba na cinye ƙarfin ƙasa, ga ’yan kasuwar Ingila su ke yanka farashi. A shekarun 1760 ya koma alkama. To ita alkama, bayan girbi sai an raba tsaba da kara. A lokacin ko dai a yi ta bugu da sanda, ko a baza dammunan a fili a sa dawakai su tattake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka ya san sauran: ƙasa ta shiga, kashin dabba ya shiga, hadari ya taso a rasa inda za a sa kai.

Sai ya zana wannan rumbun a 1792. Kusurwarsa 16, kusan da’ira ke nan, kuma hawa biyu ne. A sama ake shimfiɗa alkamar, dawakai su yi ta zagaye a kanta da sassarfa. Ku dubi daɓen da kyau: tsakanin kowane katako da ɗan’uwansa an bar tsaga ta inci ɗaya da rabi. Tsabar ta zurare ƙasa, karan ya tsaya a sama. Na asalin ya rushe tuntuni, wannan a 1996 aka sake gina shi, kuma a lokacin sussuka yara kan ga dawakan suna aikin da idonsu.

Yanzu ku sauko hawan ƙasa, inda tsabar ke taruwa. Tagogin nan an gitta musu sanduna. Me ya sa? Mai gidan na tsoron a ɗebi hatsin, kuma waɗanda yake zargi su ne masu noman. A shekarar da ya rasu, 1799, bayi 317 ke zaune a Mount Vernon, maza da mata da yara, zuriyar mutanen da aka kwaso daga Afirka. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta suke aiki, kwana shida a mako. Abincinsu garin masara ne da kifi mai gishiri, a aune. Kusa da rumbun an gina kwatankwacin bukkar iyali guda: ɗaki ɗaya na itace, daɓen ƙasa, murhu a gefe. Yaron da ya gama ƙirga ɗaki 21 a sama, nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A wasiyyarsa Washington ya ’yanta 123 da ya mallaka da kansa. Wasu 153 kuwa na gadon mijin matarsa Martha na farko ne, doka ba ta ba shi ikon sakinsu ba. An riga an yi auratayya tsakanin ɓangarorin biyu, don haka wani ya sami ’yanci matarsa da ’ya’yansa na cikin bauta. Bayan rasuwar Martha a 1802 aka rarraba su ga jikokinta.

Kafin a koma mota, akan bi ta kabarin Washington. ’Yan taku kaɗan daga nan, cikin itatuwa, akwai maƙabartar bayin. Ɗaliban Jami’ar Howard ne suka zana ginin tunawar da aka kafa a wurin a 1983. Kaburburan kansu babu wanda ke ɗauke da suna.