Mai shiru a ofis ba lallai shi ne mai kishin wurin ba

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena da yayyena ma'aikata, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ogogi da yawa a ganinsu ma'aikaci nagari shi ne wanda in an zauna mitin ba ya cewa komai sai "haka ne ranka ya daɗe", wanda kuwa ya ɗaga hannu ya ce yallaɓai akwai gyara, shi kenan an sa masa ido, ya zama mai taurin kai. Ni dai ina ganin sau tari lissafin a juye yake.

Akwai wasu malaman jami'a biyu a Kanada, John Meyer da Natalie Allen, a farkon shekarun 1990 suka ce abin da ke riƙe mutum a wurin aiki iri uku ne. Wani yana nan don yana son wurin, in an zagi ma'aikatar shi aka zaga. Wani yana ganin an yi masa halacci, an tura shi kwas, an riƙe shi lokacin da ba shi da komai, to kunya da amana ba za su bar shi ya tafi ba. Na ukun kuma zaman dole yake yi, ya lissafa shekarun da ya zuba, ga fansho ga garatuti ga kuɗin makarantar yara, kuma in ya fita ba inda zai nufa. Duk ukun kullum suna sa hannu a rajista ƙarfe takwas, daga nesa ba ka bambance su. Amma ranar da abu ya fara lalacewa za ka ga bambancin, don shi na ukun nan albashinsa yake karewa ba ma'aikata ba, zai ga ɓarna da idonsa ya ce baki shi ke yanka wuya, ya ja bakinsa ya tsuke. Mai son wurin ne abin ke ci wa rai har ya kasa haƙuri.

Bari in ba ku labarin da ya faru a Amurka. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi, mutum bakwai suka rasu, har da wata malamar makaranta. Akwai injiniya a kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokokin da ke harba kumbon, sunansa Roger Boisjoly, tun watan Yuli 1985 ya rubuta wa manyansa takarda cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar yana da matsala kuma za a iya asarar rayuka. Daren jajibirin tashi, shi da abokan aikinsa suka ce kar a harba, sanyi ya yi yawa, robar za ta sandare ta ƙi toshewa. Da farko kamfanin ya goyi bayansu, da NASA ta nuna ba ta ji daɗi ba sai manajoji suka keɓe suka sake shawara, har aka ce wa ɗayansu ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Suka sa hannu. Kun ji fa, ba wai ba a samu mai magana ba ne, an samu, ji ne ba a yi ba. Kuma bayan ya faɗi gaskiya gaban kwamitin bincike na shugaban ƙasa, a wurin aiki aka dinga gudunsa, ƙarshe dai barin kamfanin ya yi.

To ku gaya min, ƙananan ma'aikatan da suka ga abin da ya same shi, wa zai sake buɗe baki?

Shi ya sa nake cewa kishi shi kaɗai ba ya isa. Wata farfesa a Harvard, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton rukunin nas-nas da suka fi shugabanci mai kyau su za su fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani, sai ta tarar a rubuce su suka fi yawa. Da aka bi diddigi, ashe su ba sa tsoron faɗin kuskurensu ne, sauran kuwa ɓoyewa suke don kar a ci musu mutunci.

Mu nan kuma ga wani nauyi a kanmu, tarbiyyarmu ta girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau wallahi, ba na ce a yar ba. Amma yaro zai ga oga na shirin faɗawa rami ya yi shiru wai ladabi. Ai akwai hanya, ka same shi shi kaɗai a ofis, ka gaishe shi, ka ce yallaɓai ga abin da na lura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, masinja da direba da mai gadi sun san abubuwan da darakta bai sani ba.

Ku kuma ogogi, akwatin ƙorafin nan da kuka kafa a bakin ƙofa, yaushe rabon da a buɗe shi? In mutum ya kawo magana, ko ba za a yi aiki da ita ba a kira shi a faɗa masa dalili, kar ya zama sati biyu bayan nan sai ga takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauye. Hajiya na ga hannunki tun ɗazu, a miƙa mata makirfon.