Dutsen Da Ya Amsa Ƙaho A Jamus

Salamu alaikum 'yan'uwana Sakkwatawa. Ku saurara, don Allah ku saurara! Kun ji? Wallahi tsigar jikina har yanzu ba ta kwanta ba.

Muna cikin jirgin ruwa a tafkin Königssee, cikin gandun Berchtesgaden, kudancin Jamus, daf da iyakar Ostiriya. Da munka kai tsakiyar ruwa sai direba ya tsai da jirgi, kowa ya yi tsit. Wani ma'aikaci ya fiddo ƙaho ya busa, sai ga dutse ya maido mai da busar nan tiryan-tiryan, kamar akwai wani mabushi ɓoye a can sama. Ni kam nan take zuciyata ta tafi ƙofar fadar Sarkin Musulmi ranar Sallah, kakaki na tashi, dawaki na haniniya. Da za a kawo kakakinmu wanga wuri a busa sau ɗaya, na rantse Turawan nan sai sun miƙe tsaye. Ƙahonsu bai kai rabin namu tsawo ba.

Jiragen ba su da ƙara, ba su da hayaƙi. Da lantarki suke tafiya tun 1909, ku ji fa, tun kakanninmu na yara. Ruwan kore ne garau, ga shi zurfinsa ya kai wajen mita 190. Na tuna Goronyo da bakin Kwalkwalawa, raina ya ɗan sosu. Ruwa muna da shi, Allah bai hana mu ba, ledar da muke zubawa ce ke cin mu.

Wancan dutse mai farin kai shi ne Watzmann, tsawonsa mita 2,713. Ƙanƙara ce a kansa, alhali jiya Inna ke ce mini zafi ya hana su barci a ɗaki, tsakar gida sunka yi shimfiɗa. Allah Ya kawo damina lafiya, Inna.

Kuɗin jirgi sama da Yuro 20 na biya, ban lissafa shi a naira ba don kada in ɓata ma kaina rana. A St. Bartholomä munka sauka, wurin cocin nan mai jajayen ƙubbobi, na sayi kifi banda mai zafi. Yana da daɗi, amma ba yaji, ba ƙuli, ina zai kamo na Argungu?

Wanda duk zai zo, ya ji ni da kyau. Kada ka zo da silifas, hanyoyin duwatsu ne masu santsi. Ka riƙo rigar sanyi ko da rana ta fito. Na yi alwala a bakin ruwan, yatsuna sun daɗe ba su dawo daidai ba. Kuma ka duba lokacin jirgin ƙarshe, don mota ba ta zuwa nan. In ya tafi ya bar ka, sai dai hawan dutse na awoyi.

To ga namu can ya taho, bari in ruga in samu wurin taga.